Banɗakin Gwaggo Asabe

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta ƙare ƙarfinta a wankin zannuwan gadon asibiti. Ba ta bar gona ba, ba ta bar gwal ba. Abin da ta bari shi ne wani ɗan banɗaki a bayan gidanta a Gyadi-Gyadi, wanda ta fasa wa ƙofa ta lungu, ta ajiye randa da bokiti da sabulu, ta ɗaura igiyar shanya. Don masu kwana a bakin shaguna ta yi shi.

Na taɓa tambayarta me ya hana ta dafa musu abinci kamar kowa. Ta harare ni ta ce, "Kai yaro, tuwo kowa na bayarwa. Wa ka taɓa ji ya ce wa mutum zo ka yi wanka? Wa kuma zai ba mai tsami aiki?"

Cikin masu zuwa akwai Malam Habu, tsohon direban babbar mota da hatsari ya shanye wa hannu. Jinya ta kawo shi Kano, bai koma garinsu ba. Ran Juma'a yakan yi wanka, ya wanke rigarsa ɗaya tilo, ya zauna a lungu ɗaure da zanen Gwaggo har ta bushe, sannan ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da masu shadda.

Da aka sayar da gidan, sabon mai shi ya toshe ƙofar da bulo. Gidansa ne, ban ce masa komai ba. Haushina na kan ƙungiyar tallafin da muke taƙama da ita yanzu a unguwa. Duk azumi sai a jera marasa matsuguni a rana, a miƙa musu shinkafa a roba, a ɗauki hoto. Na roƙi a riƙa buɗe musu banɗakin masallaci ko sau ɗaya a mako. Shugaban ya ce, "Haba Malam, ai sai su mayar mana da wurin gidansu." Kwaɗo na nan a ƙofar banɗakin har gobe, kuma a masallacin nan ake tuna mana cewa tsafta cikon addini ce. Da Gwaggo na raye, na san da taɓarya za ta je ta ɓalle shi.

Juma'ar da ta wuce na ga Malam Habu yana salla kan kwali a wajen katangar masallacin, shi kaɗai. Tun ranar da na kusa da shi suka toshe hanci bai sake shiga ba. Na miƙa masa hannu, ya ja baya ya ce, "Kada ka matso, ɗan Gwaggo, na kwana biyu ban ga ruwa ba." Na kai shi gidan da nake haya a Darmanawa ya yi wanka, amma ba shi kaɗai ba ne, ni kuwa banɗakin ba nawa ba ne.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na Gwaggo, abin da ya rage shi ne sunanta a bakin wannan tsoho. Na san ranar da zai cika, waɗannan mutanen za su yi rige-rigen kawo ruwa da sabulu da turare, su wanke shi tas, su ajiye shi a gaban sahu don neman lada. Gwaggo ba ta jira wannan wankan ba. Allah Ya jiƙanta.