Wuri Mai Rai

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato na dawo Wara daga bautar ƙasa a Legas, da akwatin gilashi, da jarkoki huɗu na ruwan teku, da bokiti mai 'yan duwatsu da halittu a ciki. Rabinsu sun mutu a hanya. Inna ta leƙa bokitin ta ce wasu na kawo wa uwarsu atamfa, ni kuwa na kawo mata ƙwari.

Ba don Inna na sha wannan wahala ba, don Baba ne. Masunci ne, a gungu aka haife shi, tsibirin nan da ruwan dam ya cinye aka kwaso su bakin tafki. Tun da na zaɓi makaranta na bar jirgi, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa. Ɗan boko yake kira na, ko a gaban baƙi. Babu abin da ke cikin kogin Kwara wanda bai san sunansa ba, ni kuma na ƙudura sai na nuna masa abin ruwa da bai sani ba, ko ya zauna kusa da ni na rabin sa'a.

A zaure na kafa akwatin. Na shimfiɗa yashi, na jera duwatsun, na haɗa ɗan injin iska da batirin mota, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce ko da muna maƙwabtaka da dam. Kwana biyu Baba yana wucewa kamar bai gani ba. Ran na uku ya ajiye komarsa ta kamun kifi ya tsuguna.

"Wagga ƙaguwa ta," ya ce. "Wanga jatan lande. Wancan dodon koɗi na, ya sake riga dai. Mi ad da wuya nan?"

Na ji haushi, don ni da littafin halittun ruwa da nake tinƙaho da shi, sai da na yi mako kafin na gane rabin abin da ya faɗa a numfashi ɗaya. Sai ya kai ga wani dunƙulen nama mai launin toka yana jan ciki a jikin gilashi. Ya matso kusa. Ya sa yatsa ya taɓa shi, naman ya janye, sai ga bayan nan mai santsi da sheƙi. Wuri ne, irin wanda ake ɗinkawa a jikin laya.

"Wuri na!" ya ce. "Ashe wuri rai garai?"

Shekara saba'in yana ganin wuri, bai taɓa sanin wani abu ke zama a ciki ba. Daga ranar ya mayar da tabarmarsa gefen akwatin. Yana gyaran koma, ina duba littafi, muna gardamar sunaye. Har labarin gungunsu ya ba ni, da tsamiyar da ke ƙofar gidan kakana, abin da bai taɓa yi ba. Na faɗa masa sunan kowace halitta da Turanci don in burge shi. Abu ɗaya ban faɗa masa ba, don na ɗauka ko yaro ya sani: cewa ruwan nan na gishiri ne, kuma shi ne ransu.

Sai aka kira mu masu neman aiki Birnin Kebbi wajen tantance ma'aikata. Kwana biyu aka ce, muka yi shida. Da na dawo, tun daga bakin zaure wari ya tare ni. Ruwan ya yi fari fat, ƙaguwar ta kife, komai ya mutu. Baba yana zaune a gefe, hularsa a hannu.

Inna ce ta ba ni labari. Batiri ya mutu, Baba ya ga ruwan ya tsaya cak, kuma a wajen masunci ruwan da ba ya motsi ruwan mutuwa ne. Ya ɗanɗana, ya ji gishiri, ya ce ruwan ya ɓaci. Bai yarda da na rijiya ba, bai yarda da na bakin gaɓa ba. Da tsufansa ya tuƙa jirgi shi kaɗai har tsakiyar tafki, daidai inda gungunsu yake a ƙasa, ya ɗebo musu, ya kwashe na cikin akwatin ya zuba wannan. Ya ce baƙo ruwa mafi kyau ake ba shi.

Da na tsaya na ji wannan tukuna, da ban faɗi abin da na faɗa ba. Amma ni mutum ne mai saurin baki. Na ce masa wa ya sa shi, na ce abin da mutum bai sani ba ya bari mana. A gaban Inna na faɗa, da ƙarfi.

Ya sa hularsa. "Gaskiyakka, ɗan boko," ya ce. "Mu ma haka anka yi muna. Anka ba mu gidajen siminti, anka ce sun hi namu."

Ya naɗe tabarmarsa ya mayar da ita ƙarƙashin darbejiya. Na ba shi haƙuri daga baya, ya ce ba komai, kuma da gaske bai riƙe ni ba. Amma hirar ba ta dawo ba. Akwatin ya zama wajen ajiyar albasar Inna. Na sha cewa zan koma Legas in kawo wasu, ban je ba.

Bayan damina uku ya rasu. Da muka zo raba kayansa, Inna ta zazzage aljihun rigar da yake zuwa kamun kifi da ita. Ƙugiya biyu suka faɗo, da guntun goro, da wurin nan, ya wanke shi tas ya ɗaure a ƙyalle. Inna ta miƙo mini, na kasa karɓa.