Gashin Coloma

Goggona Remei ta yi shekara arba'in da huɗu tana gyara wa mace ɗaya gashi, kuma matar ba ta taɓa buɗe baki ta ce an gode ba. Sunanta Coloma, tsawonta ya kusa mita huɗu, ni ne kuma ƙafafunta.

Coloma ita ce basamudiyar unguwarmu a tsohon birnin Barcelona, mutum-mutumin kwali da katako da ake fitowa da ita ranar bikin unguwa. Mutum yakan shiga ƙarƙashin siket ɗinta ya saɓa ta a kafaɗa, ya yi ta rawa da ita lungu-lungu, yana leƙen hanya ta wata 'yar taga mai raga da aka huda a gaban rigar. A lokacin da abin nan ya faru, shekarata ashirin da biyu ina wannan aikin. Shi ya sa Goggo ba ta kira na Eudald, sai dai jakin Coloma.

"Kai jakin Coloma, zauna in rage maka wannan ciyawar, kafin awaki su biyo ka."

A saman shagonta na gyaran gashi aka haifi Goggo, wurin uwarta ta koyi almakashi, nan ta yi aure, nan mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa. Da ƙanwarta, wato mahaifiyata, ta rasu ina shekara goma sha ɗaya, nan saman shagon na koma. Mace ce gajera mai kaifin baki, wadda za ta zage ka tas tana zuba maka ƙarin miya.

Abin taƙamarmu shi ne gashin Coloma na mutane ne. Duk macen unguwar da za ta rabu da dogon gashi, ko don haihuwa ta dame ta, ko don ciwo, ko don haushin miji kawai, Goggo ce ke yanke shi, ta ɗaure gindinsa da zare mai launi, ta ɗinka shi a cikin hular gashin Coloma. Ta rina su duka baƙi, amma ko da ido a rufe, in ta shafa za ta gaya maka mai shi. Wannan na Assumpta mai kifi ne, kauri kamar igiyar shanya. Wannan na matar Cisco ne, ta yanke shi ranar da ta kama mijin da wata. Na mahaifiyata yana can wajen ƙeya, da koren zare. Ta ba da shi mako guda kafin a fara yi mata maganin da zai zubar da shi.

Kowace shekara, saura kwana bakwai biki, nakan ɗauko hular daga ɗakin ajiya in kai wa Goggo. Ta wanke, ta taje, ta fito da sabon salo wanda ko ni ba ta nuna mini. Da safiyar biki sai ta zo da akwatinta da tsaninta, ta hau ta ɗora wa Coloma a gaban jama'a. Mata sukan zo tun da wuri don wannan kaɗai. Sannan in an fara zagaye, Coloma takan tsaya a ƙofar shagon Goggo ta rusuna sau ɗaya.

Matsalar ita ce nauyi. Kan Coloma da gashinsa kilo goma sha huɗu ne, a can ƙololuwa, yana rinjayar mutum duk juyin da ya yi. Likita ya duba hoton wuyana ya tambaye ni ko buhunan siminti nake ɗauka. Samarin da ke karɓa ta in na gaji kuwa sun ragu zuwa biyu, su ma da ƙorafi.

A watan Maris kwamitin biki ya zauna. Benet mai kantin magani, shugabanmu, ya ajiye mana hoton wani sabon kai na roba, mara nauyi, gashinsa a sassaƙe an shafa masa baƙin fenti. Aka ɗaga hannun amincewa. Ni ma na ɗaga, ba kuma a ƙarshe ba.

"To wa zai gaya wa Senyora Remei?" in ji Benet. Senyora ita ce kalmar da muke girmama mace da ita.

Kowa ya shiga duba farcensa.

"Eudald mana. Ai goggonsa ce."

Na ce ba komai, ku bar mini. Na je sau uku da maganar a bakina. Na farko tana da kwastoma. Na biyu ta dafa wake da nake so. Na uku ta nuna mini wani dogon jan gashi da wata yarinya ta kawo, tana murna kamar an yi mata jika. A zaman watan Yuni Benet ya tambaye ni, na ce na gaya mata, ta fahimta. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ƙarya ce, don da na gaya mata da an ji ihun har bakin teku. Suka gyaɗa kai aka wuce magana ta gaba.

Saura kwana bakwai, ni da hannuna na ɗauki hular na kai mata, kamar kullum.

Ranar biki gari ya waye da kyau. An rataya takardu masu launi daga baranda zuwa baranda, masu algaita suna gwada maƙogwaro, yara suna bin masu ganga. Na shiga ƙarƙashin Coloma tun a cikin ɗakin ajiya, wai don in gwada sabon kan. Gaskiyar magana ɓuya na yi. Aka buɗe ƙofa na fito da ita fili, wuyana sakayau, rabon da in ji haka tun ina saurayi. Ina jin kunyar faɗa, amma na ji daɗi.

Ta cikin ragar na hango Goggo. Ta sa rigarta ta biki mai ruwan toka, akwati a rungume, Assumpta mai kifi na biye da ita da tsani. Ta ɗaga kai ta dubi Coloma. Ta daɗe tana duba. Har mai ganga ya dafe fatar gangarsa.

Benet ya matso yana murza hannu. "Senyora Remei, ai Eudald ya yi miki bayani tun..."

"Yaushe?"

"Tun watan Yuni. Haka ya ce mana."

"Ku nawa ne a kwamitin, Benet?"

"Mu goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya. Bakwai a cikinku sun zauna a kujerata cikin makon nan. Matarka jiya ta zo, tana tambayata wane salo zan yi bana."

Sai ta tako har gaban siket ɗin, ta kawo fuskarta daidai ragar. Daga waje ba a ganin na ciki, amma ta san inda idona yake. Na jira zagi, wallahi da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta juya da akwatinta ta tafi, Assumpta ta tsaya rungume da tsani ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Benet ya yi wa masu algaita hannu, kiɗa ya tashi, na yi rawa. Me zan yi? Coloma ta yi juyin da ba ta taɓa yi ba, yara suna tsalle, baƙi suna ɗaukar hoto. Da muka iso ƙofar shagon na tsaya na rusuna kamar yadda aka saba. Ƙofar ƙarfen a sauke take har ƙasa.

Da ƙarfe uku aka jera tebura a tsakiyar titi don cin abincin unguwa. Ga shinkafa a manyan kasake, ga burodi da aka goga wa tumatir, ana ta miƙa kwalabe. Har an fara dariya, an fara cewa tsohuwa ce, za ta huce. Ni ma na fara yarda.

Sai ga ta da kwandon kasuwa cike da ambulan. Ta fara daga kan tebur, tana tafiya a hankali, tana ajiye wa kowane gida nasa kusa da faranti. Assumpta ta buɗe nata, ta ga gashin da ta yanke tana da shekara talatin, ta rufe baki da hannu. Cisco ya karɓi na matarsa da ta rasu bara. Benet ya samu biyu, na uwarsa da na 'yarsa. Awa biyar ta yi tana warware aikin shekara arba'in da huɗu, kowanne da zarensa, kowanne da suna a bayan ambulan. Cokula suka daina ƙara.

Ni ne na ƙarshe. Na miƙe tsaye.

"Goggo, don Allah ki bari in..."

"Zauna, abincinka zai huce." Ta ajiye ambulan ɗin, koren zare ya leƙo ta gefe. "Uwarka ta ce in sa shi ta wajen ƙeya, don in ka girma ka ɗauki Coloma, ta riƙa jin ka a ƙarƙashinta. Shekara ashirin da biyu kana ɗauke da ita. Tunda ta yi maka nauyi, ga ta nan, Senyor Eudald."

Senyor, kiran girmamawa da ake yi wa baƙo. Ta ɗauki kwandonta ta koma shago.

Shekara uku ke nan. Tana nan da ranta, tana aiki, muna gaisawa a hanya, takan tambayi wuyana. Wuyan ya warke sarai. Askina kuwa wani yaro ke yi mini a can bayan kasuwa, wanda ba ya cewa komai sai ya tambaye ni lamba nawa zai sa wa injin.