Tafasar akuya

Shekarar da damina ta yi mana rowa, gero ya ƙare a rumbunmu tun kafin a yi noman farko. Baba mutum ne mai tsare girma. Ya hau tsani ya liƙe bakin rumbun da laka, yadda mai wucewa zai zaci a cike yake. Ni na riƙe masa tsanin, na kuma leƙa: ko ɓera ya yi ƙaura.

Kullum da hantsi Inna takan tura ni da ƙanwata bakin gonaki mu tsinko tafasa. Mu cika buhu, mu rufa ciyawa a sama. Umarnin Baba shi ne, duk wanda ya tambaya mu ce na akuya ne. Matsalar ita ce akuya ba ta cin ɗanyar tafasa, ko yaron goye ya san haka. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tare mu, ta cusa hannu cikin buhun, ta ce, "Ikon Allah! Ku gaida min akuyar. Ku ce ta riƙa sa ƙuli, ya fi daɗi." Ita ma nata buhun na kanta.

A unguwarmu maza ciyayya suke yi: bayan magariba kowa ya fito da akushinsa ƙofar masallaci a haɗu a ci. Don haka Inna takan tuƙa malmala ɗaya tak daga ɗan garin da ta ɓoye, Baba ya fita da ita yana taku ɗai-ɗai, mu kuma mu zauna wa kwaɗon tafasa. Na ji haushin malmalar nan ƙwarai. Ina kallo za ta wuce ni, ta tafi cikin liman.

Ranar da garin ya ƙare, Inna ta zuba kwaɗo a akushin, ta rufe da faifai. Baba ya buɗe, ya rufe. Ya ce cikinsa na ciwo. Inna ta ce, "To Malam, gobe ma zai yi ciwo? Jibi fa?" Ya daɗe a tsaye a zaure, sannan ya ɗauka ya fita. Na bi shi na laɓe a jikin darni, tausayinsa ya kama ni.

Baba ya ɗaga faifan. Liman ya kalli akushin, ya kalli 'yar malmalarsa, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Allah ya yi maka albarka, Malam," in ji shi. "Wata guda ke nan 'ya'yana na zagina a ciki saboda wannan malmalar."

Ya tura tuwonsa gida a ba yara. Sauran ma suka tura nasu, mutum bakwai suka zagaye akushinmu.

Baba ya shigo da shi a suɗe. Bai kalli kowa ba, ya ce wa Inna gobe ta ƙara yawa, kuma barkonon ya yi kaɗan.