Rigar Mijin Gwaggo

Ina aji uku a jami'a, a Yelwa, wani malaminmu ya ce mu tara kayan mutanen da aka kashe a rikicin da aka yi ina ƙarama, mu jera su a ɗaki guda don na baya su gani. Ya ce haka ake yi a ƙasashen da aka yi kisan ƙare-dangi, domin mutum na iya musun labari, amma ba ya musun tabon jini. Ni kuwa, ban tambayi kowa ba, na ce zan kawo riga.

Rigar mijin Gwaggona ce, wadda aka tsinci gawarsa da ita. A gidanmu kayan mamaci ba sa daɗewa: a raba wa magada, saura a yi sadaka. Wannan kaɗai Gwaggo ta ɓoye a ƙasan adaka.

Sau uku ina zuwa gidanta a Ƙofar Dumi ina kasa faɗa mata. Ran da na faɗa, ta daɗe tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba. Ta tambayi wa zai sa rigar, na ce babu kowa, a bayan gilashi za ta zauna. Ta tambaya ko babban ɗanta zai gani. Shi kuwa har lokacin ba ya bin layin da abin ya faru. Ta ce in dawo Juma'a.

Da na koma, ta miƙo mini rigar a ninke, tana ƙyalli, tana ƙamshin turare. Ta wanke ta, ta ba tela ya ɗinke yankan, ta kai wa mabuga.

Na ce, "Gwaggo, ai tabon ake so a gani."

"Mutumin da ko zaure bai taɓa fita da riga mai dauɗa ba, shi zan tura gaban jama'a haka? Haba 'yar nan."

Na rungume rigar a keke mai ƙafa uku har Yelwa, ina shirya ƙaryar da zan yi. Malam ya warware ta, ya juya ta, ya ce wannan ai ba ta nuna komai.

Ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce haka matar mai rigar take so a gan shi, in babu wuri sai in mayar mata. Ya bi ɗinkin da yatsa tun daga kafaɗa har ƙirji. Can ya ce in rataye ta kusa da taga.