Kusar Tagullar da Na Ƙera wa Likita

Shekara tara na yi a Doha, kuma abubuwa da yawa sun ɓace mini, har lambar gidan da na zauna a Gharrafa sai na yi dogon tunani kafin ta faɗo. Amma akwai wata Asabar ta lokacin sanyi, wajen 2016, da ta ƙi fita daga kaina, kuma na tabbata da ita za a binne ni. Ranar ce aka ga ƙaton magidanci, injiniya mai 'ya'ya uku, yana gudun aikin hannunsa a cikin rairayi. Magidancin nan ni ne.

Bari in fara da wasan, don na san wani zai ce me ya haɗa mai furfura a gemu da bindigar roba. Can bayan gari akwai wani fili da aka kewaye, aka jibge tsofaffin tayoyi da durom-durom da buhunan yashi. Duk Asabar da safe mukan taru mu kusan talatin, 'yan Filifin da Indiyawa da Larabawa da 'yan Sudan, sai mu Hausawa biyu. A raba mu gida biyu, kowa ya saɓi bindigarsa, a yi ta farautar juna. Bindigogin in ka gan su sai ka rantse na soja ne, alhali abin da suke tofarwa 'yar ƙwayar roba ce fara, ko ƙwayar carbi ta fi ta girma. In ta same ka za ka ji kamar rina ta harbe ka, sai ka ɗaga hannu ka ce ka mutu, ka fita ka sha ruwa. Babu mai bin ka ya duba, kai da kanka za ka faɗi gaskiya.

Alƙalin filin wani gajeren ɗan Filifin ne mai usur a wuya, kuma dokokinsa uku ne. Ba a shiga babu tabarau. Bindiga ba ta barin filin, a ɗakin ajiya take kwana. Ta ukun ita ce ba ya wasa da ita: kafin a fara sai kowa ya harba cikin wata 'yar na'ura mai auna ƙarfin harbi, in taka ta wuce ƙa'ida ranar ɗan kallo ne kai. Ya sha faɗa mana cewa bindigar da ta wuce ƙa'ida tana fasa fata, tana karya haƙori.

To, kayan cikin bindigogin nan ba su da ƙwari. Yau kunama ta karye, gobe fistan ya cinye. In ka yi oda daga waje sai ka yi wata biyu kana jira, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ni kuwa jikan maƙera ne. Kakana ya ƙera wa mafarauta bindiga, babana ya ƙare a garma da fartanya, ni kuma boko ya kai ni ofis a hawa na ashirin da wani abu na wani dogon bene a West Bay, ina sa hannu a takardu daga safe har la'asar. Hannuna ya daɗe yana ƙaiƙayi. Sai na sayi ƙaramin injin fere ƙarfe da magagari iri-iri, na kafa maƙera a ɗakin 'yar aiki, tunda ba mu da 'yar aikin. Matata ta yi mitar ɓarɓashin ƙarfe a kafet har ta gaji ta sa mini ido.

Cikin 'yan watanni kusan rabin bindigogin filin suna ɗauke da wani abu da ya fito daga ɗakin nan. Ban taɓa karɓar ko sisi ba, yabon nake so, kuma na same shi. Larabawan suka sa mini Mu'allim. Shi kansa alƙalin, in tasa ta ƙi, ni yake miƙa wa. Kaina ya kumbura ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ɗaya Bahaushen shi ne wanda zan kira Likita. Babban likitan mata ne, ya girme ni da fiye da shekara goma, in ya shigo taron 'yan ƙasarmu kowa sai ya gyara zama. A filin wasa kuwa abin tausayi ne. Kullum shi ke fara mutuwa, domin in ya laɓe bayan taya tumbinsa ba ya laɓewa tare da shi. Amma a wajensa laifin bindiga ne.

Wata rana bayan la'asar muna shan shayin karak a kasuwar Souq Waqif sai ya ajiye kofi ya dube ni.

"Sarkin Maƙera, wai duk kurin nan naka ba za ka iya sa bindigata ta yi nisa ba?"

Na ce, "Yallabai, ai akwai doka. Gajeren nan sai ya auna ta."

"To ya auna mana. Ni na ɗauka jikan maƙera zai iya yin abin da za ta wuce awo lafiya, in an shiga fili kuma ta farka. Amma in ya fi ƙarfinka, khalas, a bar zancen."

"In ya fi ƙarfinka" ɗin nan shi ya kashe ni. Mutumin ya san inda zai taɓa. Kwana huɗu na yi a kan abin, na fito da wata 'yar kusa ta tagulla mai zare, wadda ke zama a bayan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura harbi, a ɓoye cikin gindin bindiga. In tana kwance, bindiga salihar baiwar Allah ce. In ka murɗa ta sau uku sai ta matse sifirin, harbi ya tashi. Har yau ina ganin ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma wannan ma abin kunya ne.

Ranar Juma'a da yamma muka je filin babu kowa sai mai gadi, na ɗaura ta, na murɗa, muka kafa gwangwanin lemo. Ƙwayar ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Muka tafa muna dariya kamar yara, sannan na warware murɗin don ta wuce awon gobe. Kada ku ce ban san fatar mutum ta fi gwangwani laushi ba. Na sani sarai. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ni da Likita kullum gida ɗaya muke, don haka duk inda ƙwayar za ta tafi, bayanta nake.

Washegari bindigar ta wuce awo lafiya lau. Muna shirin rabuwa yadda muka saba sai alƙali ya busa usur, ya ce ya gaji da gida ɗaya yana cin ɗaya kullum, yau ƙuri'a za a yi. Ya zuba ƙyallaye ja da shuɗi cikin hula. Na zura hannu na ciro shuɗi. Likita ya zura nasa ya ciro ja, ya juyo ya kashe mini ido, ya shafa aljihun da sukurudireba yake ciki.

Na bi shi bayan ɗakin ajiya da sauri.

"Yallabai, don girman Allah yau a bar ta yadda take."

"Haba Injiniya, ai na riga na murɗa. Uku ka ce ko biyar?"

"Uku!"

"To biyar na yi, don a samu albarka. Yalla, an kusa farawa."

Ya wuce abinsa yana gyara ɗamara. Na tsaya ina lissafi. In na je na gaya wa alƙali, an kore ni, Mu'allim ya mutu, kuma na tona asirin babba a gaban baƙi. In na yi shiru, akwai bindigar da ke huda gwangwani a hannun mutumin da bai san inda harbinsa ke zuwa ba. Na tuna ina da takunkumin raga na rufe baki, na ruga wajen jakata, sai kuma na tuna na yanka shi tun watan jiya na yi wa injina shinge. Na zaɓi shiru.

Zagayen farko dabara ta zo mini. Muna shiga na ɗaga hannu sama na ƙwala, "Na mutu!" Na kama hanyar waje. Alƙali ya tare ni da mamaki ya ce ai bai ma busa usur ba tukuna. 'Yan gidanmu suka yi ta dariya, wani Balarabe yana cewa Mu'allim ya mutu da ciwon zuciya. Dole na koma, na shige cikin wani durom na zauna har aka gama.

Zagaye na biyu suka ce ba su yarda ba, sai na fito an yi da ni. A gidanmu akwai wani ɗan Sudan, likitan dabbobi, dogo kakkaura, mai haƙuri, wanda kullum yake zuwa da fulas ɗin shayi yana raba mana. Ni na gyara masa kunamar bindigarsa sau biyu. Na dube shi sama da ƙasa, na ga Allah ya yi masa faɗi, sai na ce masa, "Ni zan tsare maka baya." Ya yi murna har da dafa kafaɗata.

Haka muka yi ta tafiya, in ya yi dama in yi dama, in ya durƙusa in durƙusa. Cikin bindigogi talatin ina gane muryar ta Likita. Sauran suna tas-tas, ita kuwa ƙas take yi, kuma duk inda ta samu durom sai ya amsa. Kowane ƙas sai na ƙara shigewa bayan bawan Allahn nan.

Muna zagaya wani tsibin tayoyi sai ga tumbin Likita, bai fi taku goma ba. A karon farko a tarihin filin ya riga wani gani. Ya ɗaga bindiga ya saita ɗan Sudan. A daidai lokacin gidan harsashin ɗan Sudan ya suɓuce ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka. Ni kuma na buɗe baki zan ce masa mu gudu.

Ban ji zafi nan take ba. Ƙara na ji a cikin kaina, sai kuma wani abu kamar tsakuwa a kan harshena. Na tofar, na ga rabin haƙorina na gaba a cikin yashi, ga leɓe ya fashe jini na zuba a kan riga. Can gefe Likita yana tsalle yana ihu, "Na samu ɗaya! Wallahi na samu ɗaya!"

Da ya gane wanda ya samu sai ya rugo yana haki. "Innalillahi! Buɗe in gani." Na buɗe. Ya leƙa, ya girgiza kai. "Injiniya, wannan ba ɓangarena ba ne."

Alƙali ya iso. Ya karɓi bindigar daga hannun Likita, ya kai ta na'ura, ya harba, ya dubi lamba, ya sake harbawa. Mutane suka kewaye mu. A hankali ya tambaya wa ya taɓa bindigar nan. Likita ya ce shi dai likita ne, bai san kan ƙarfe ba. Idanu suka juyo kaina, domin kowa ya san mutum ɗaya ne a filin ya san kan ƙarfe. Na cire tsumma daga bakina na ce ni ne, kuma na nuna masa inda kusar take. Maganar tana fita da wani ɗan fito ta giɓin, amma babu wanda ya yi dariya. Daga baya Likita ya yi gyaran murya ya ce gaskiya shi ya sa ni, wannan kam na yaba masa.

Wata uku aka dakatar da mu. Abin da ya fi dakatarwar ciwo shi ne alƙali ya sa duk wanda na taɓa yi wa gyara ya kawo bindigarsa. Aka jera su a kan tabarma, aka dinga buɗe gindin kowace ana leƙawa a gabana. Ba a samu komai ba, amma daga ranar babu wanda ya sake miƙo mini ko noti. Da na isa gida matata ta ce in yi murmushi ta gani, na yi, ta zauna a ƙasa don dariya.

Wannan duk na iya haɗiye shi. Wanda ya tsaya mini a wuya a mota ya faru, domin ɗan Sudan ɗin nan shi ya ɗauke ni zuwa wajen likitan haƙori. Muna ta tafiya ina riƙe da ƙanƙara a baki. Da muka tsaya a danja sai ya juyo, babu fushi a muryarsa, ya yi mini irin kiran da suke wa aboki a Sudan, ya ce, "Ya zol, lokacin da ka ce za ka tsare mini baya, ka san abin da ke cikin bindigar nan?"

Na ɗaga kai alamar eh.

Danja ta ba da hannu, ya ja mota. Sannan ya ce, "Ni kuma na ɗauka sona kake yi." Ya kai ni, ya jira aka gama, ya mayar da ni har ƙofar gida.

Na yi kwanaki ina juya maganar nan. Kwana huɗu na yi ina fere kusar, ban ji ɗar ko sau ɗaya ba, saboda a lissafina bakin wani za ta samu. Sai da ƙuri'a ta ajiye ni a gabanta na gane mugun abu na ƙera, kuma ko a lokacin ma wani na jawo na sa a tsakani. Har yanzu ina taɓa ƙira, kuma har yanzu ina sa hannu a takardun injinan da wasu za su tsaya kusa da su. Amma kafin in saki kowane aiki sai na tambayi kaina ko zan yarda in tsaya a gabansa ni kaɗai, babu kowa a tsakani. In na ji ƙafata tana ja da baya, aikin nan ba ya fita daga hannuna.