Takardun Ƙosan Iya Batulu

Shekara talatin Iya Batulu ta yi tana suyar ƙosai a bakin zauren gidansu a Limancin Kona, ba a taɓa jin ta ƙosa da cinikin ba, ba a kuma taɓa jin ta rage barkono don wani ya yi ƙorafi ba. Ni maƙwabciyarta ce, ƙosanta na ci na girma, faɗanta ma na sha rabona.

Tana da ƙa'ida guda a kan takardar naɗe ƙosai. Haruna, ɗan ƙaninta, masinja ne a reshen jami'a da ke unguwar Kongo, shi yake kawo mata tsofaffin jaridu da mujallun da ɗalibai suka gama da su. Iya ba ta yi boko ba, amma sai ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ga rubutun Arabiyya a jikinta sai ta ware, kada sunan Allah ya sha mai ya ƙare a kwata. Sauran kuwa, a wurinta shirmen Nasara ne. Rubutu take dubawa, hoto ba ya gabanta.

A shekarar 1988 Haruna ya fara kawo wasu mujallu masu sheƙi, cike da mawaƙan ƙasashen waje, mata dogaye, ƙugu kamar a kama da hannu ɗaya, riga kuwa sai ka ce yadin ne bai isa ba. Takardar ba ta shan mai sosai, hoton yana fita lafiya. Nan da nan mu 'yan matan unguwa muka yi wa Iya caa. Mu sayi ƙosai, mu ba ƙannenmu, mu goge takardar mu cusa cikin littafi. Iya har da yabon kanta, wai sabon waken da ta samo ne.

Muka koyi tura ɗankwali baya, da karkata wuya, da turo baki a gaban madubi. Mu dai abin ya tsaya mana a wasa. Safiyatu, jikar Iya da ta riƙa tun rasuwar uwarta, ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Shekararta goma sha biyar, gajeriya, mai jiki, mai yawan dariya. Ta ce za ta riƙa azumin Litinin da Alhamis. Daga baya ta ƙara Talata da Laraba, idan an sha ruwa ta tsakuri abinci ta ture. Iya ta cika unguwa da labari, Allah ya ba ta jika mai ibada. Ni na san ba ibada ba ce, na kuma yi shiru. Har yau abin yana cina.

Wata Laraba da hantsi malamai mata biyu suka kawo Safiyatu gida a riƙe, ta faɗi a layin makaranta. Da Iya ta sassauta mata kaya, sai ga tsumman atamfa an ɗaure ciki da shi tamau, har ya yi mata shati a fata. Ta buɗe akwatin yarinyar tana neman wata rigar, ta tarar da hotunan a jere. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Man gyaɗarta ne.

Na zaci duka za a yi. Sai Iya ta zauna ta ƙura wa hoton ido, karo na farko a rayuwarta.

"Wannan baiwar Allah ba ta da uwa ne?" in ji ta. "Ji haƙarƙari. Ke Safiya, wannan kike so ki zama? Wa ya ce miki jikinki da aibu?"

Safiyatu ta juya fuska bango. "Ba ke ce kullum kike ce mini Randa ba, Iya?"

Haka ne kuwa. Tun yarinyar tana rarrafe take kiranta da shi, wasan kaka da jika, wanda kowace tsohuwa a birni take yi, mu ma muna taya ta dariya.  Iya ta tashi ta dama koko, ta dawo ta riƙa ba yarinyar a baki da ludayi.

Washegari mujallun suka shiga murhu, ta koma naɗi da ganye. Mu 'yan mata muka watse, ta bi mu da harara. Safiyatu ta ɗauki watanni kafin cin abincinta ya dawo daidai. Iya kuma ba ta ƙara tsokanarta ba. Tsohuwar da bakinta ba ya hutawa ta koma "Safiyatu, zo," "Safiyatu, sannu," kamar mai magana da baƙuwa.

Iya ta rasu a 1996. Ranar sadakar uku muna wanke kwanuka a tsakar gida, Safiyatu da goyonta a baya, ta tsaya da soso a hannu ta ce mini, "Wallahi shekara takwas ina jira ta manta ta sake kirana Randa. Ba ta manta ba."