Alluran Jikin Labulen Inna

Telan layinmu ba mai yawan magana ba ne. Tun da idon mahaifiyarsa ya dushe, kullum kafin ya tafi shago sai ya zura mata zare a allura, ya soke a labulen ɗakinta, don ta laluba ta yi 'yan ɗinke-ɗinkenta.

Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma hannunsa bai daina ba. Labulen ya cika da allurai. In iska ta kaɗa, zaren ya yi ta lilo kamar ana laluba shi.

Rannan allura ta soki matarsa, ta ce, "Haba maigida, wa kake zura wa?"

Ya daɗe yana kallon labulen, ya ce, "Bar su. Inna ba ta son ta laluba ta ji babu."